Wata Biyar a Limancin Kona

Zakiyya na tankaɗen gari a tsakar gidansu da ke Limancin Kona, amma zuciyarta tana Ƙofar Gayan, wurin mijinta Nasrullahi. Wata biyu ke nan da mahaifinta, Malam Mika'ilu, ya ɗauko ta, tun ranar da aka tsinci mijin kwance a bakin shagon ɗinkinsa yana warin giya.

"Takardar saki kawai nake jira!" in ji Malam. "Jikar limamai a gidan mashayi?"

"Baba, sau uku yana dainawa," ta ce cikin kuka. "Da idona na ga jikinsa na karkarwa, gumi na zuba, har ya faɗi..."

"Rufe min baki!"

Gwaggo Ramatu, ƙanwar Malam, wadda ta shekara ashirin tana aikin jinya, ta sa baki. "Yaya, farko laifinsa ne, yanzu kuwa ciwo ne. Jikinsa ya saba, yankewa farat ɗaya ba tare da likita ba na iya kashe shi. Akwai maganin karkarwar, akwai kuma ƙwayar da ke rage kwaɗayin giyar."

Malam ya ce, "Wata uku na ba shi. Amma kada ya tako min gida!"

Gwaggo ce ta kai shi asibiti. Kullum bayan asuba Zakiyya na kiransa a waya.

"Ka sha maganinka?"

"Na sha. Zakiyya, gidan nan ba daɗi — shayi ma sai in mance in zuba kofi biyu."

Takan kashe wayar ta kifa kai a filo.

Wata safiya ya ce, "Sori... jiya na koma."

Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta ce, "Yau ka je wurin likita, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa min."

Ya je. Daga can ya wuce masallacin unguwar su Zakiyya, ya durƙusa gaban Malam ya faɗi laifinsa da bakinsa. Ranar ganin likita ta gaba, Malam da kansa ya raka shi.

Da wa'adin ya cika, Malam ya shigo yana gyaran murya. "Zakiyya, haɗa kayanki. Mijinki yana zaure — tun ɗazu ya kasa zama!"

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Giya haramun ce, amma wanda ta kama yana buƙatar tuba, da likita, da mai haƙurin jiransa. Nasrullahi ya samu duka ukun.