Masallaci Ya Rabu, Biki Ya Tsaya

Nazifa na tsakar gida tana tankaɗen garin gero sai ga mahaifinta, Malam Murtala, ya shigo fuska a murtuke.

"Azumi! Fiddo akwatunan lefen gidan Malami, yau za a maida musu abinsu."

Rariya ta suɓuce daga hannun Nazifa. Inna Azumi ta fito tana salati. "Malam, mi ya yi zafi? An hwa sa rana!"

"Ba ni ba da ɗiyata ga ɗan wanda ba ni bi salla."

Duk Badarawa an san Murtala da Malami tare suka tashi, sahu ɗaya suke tsayawa. Da tsohon liman ya rasu aka naɗa Malami, sai wasu suka ce aƙidarsa da gyara. Suka ware, suka kafa rumfar kwano bayan kasuwa, suka ɗaura lasifikarsu, Murtala na cikinsu. Tun ana gardamar wa zai ja salla, har aka daina cin yankan juna, aka daina zuwa sunan juna.

Da yamma Hafizu ɗan Malami, mai gyaran babura a Shinkafi, ya kira Nazifa a waya.

"Haba Nazifa, ki bar kukan nan, ko mutum guda ban iya duba wa mashin ba yau. Abokaina sun ce mu tahi Kaura, alƙali na iya ɗaura muna."

"Wallahi ina son ka, Hafizu," ta ce, "amma ba ni barin gidanmu a ɓoye. Ka yi haƙuri da ni."

Damina ta zo ta wuce. Nazifa ta rame har zanenta na kwancewa, ƙawaye suka yi ta aure tana raka su. Duk wanda ya aiko da sallama, sai ta ce ba ta nan.

Ana cikin kaka rumfar kwanon ita ma ta dare biyu. Samarin cikinta suka ce Malam Murtala ya yi sassauci, don an gan shi wurin jana'izar wani maƙwabci a tsohon masallaci. Ranar Juma'a ya miƙa wa ɗan ƙanensa hannu a bainar jama'a, yaron ya kau da kai ya wuce.

Malam Murtala ya dawo gida ya zauna bakin rumbu, ko hula bai cire ba. Nazifa ta durƙusa ta aje masa ruwa, sai ta ga idonsa ya cika.

"Ni na yi mashi huɗuba ranar da aka haife shi," ya ce a hankali. "Ashe haka Malami ya ji?"

Washegari ya taka da ƙafarsa har zauren Malami.

"Har yanzu akwai inda ban yarda da kai ba," in ji shi.

"Ni ma haka!" Malami ya riƙe hannunsa. "To mi yaran suka yi muna?"

Aka ɗaura aure bayan girbi. Wasu daga kowane ɓangare sun ƙi zuwa, masallatan Badarawa kuma har yau uku ne. Amma Nazifa ta shiga ɗakinta da albarkar mahaifinta, abin da ta zauna jira ke nan. Saɓanin fahimta ba sabon abu ba ne tsakanin malamai, shi kuwa yanke zumunci da sunan addini, wanda ya fara shi bai san ranar da zai iso kansa ba.