Mai Shiƙa a Injin Bamalli

Shekarar da sunan garin Abuja ya koma Suleja, lissafi ya rikice wa Bamalli, mai injin casar shinkafa a Kwamba. Ya san iyakar abin da injinsa ke cashewa a yini, amma kullum da safe buhunan sun fi haka, man injin kuma bai ragu ba.

Wani dare ya koma ya leƙa. Injin a kashe yake, amma ƙarfensa da ɗumi. Wata mata tana shiƙa cikin duhu, ƙafafunta ba sa barin sawu a ƙaiƙayi.

"Baiwar Allah, wace ce?"

Ba ta juyo ba. "Malam, je ka kwanta. Tun tafiyata ka rame."

Muryar Luba ce, matarsa da ya binne da damina.