Yarinyar da Ta Yi Ta Matsawa Baya

A wani gari, zamanin da talabijin ɗaya ce tal a unguwa, an yi wata yarinya doguwa. Ranar Sallah za a nuna yayanta yana waƙa a shirin yara, ga shi ya daɗe rabonsa da gida. Tun da hantsi ta je gidan mai talabijin, ta kama wuri a gaba, tana gaya wa kowa.

Can sai ga wani ƙaramin yaro yana ɗage. Ya ce, "Yaya, ba na gani."

Ta ce, "Dawo gabana, na fi ka tsawo." Ta matsa baya.

Wata ta zo da goyon ƙanenta. Ta ce, "Dawo gabana, na fi ki tsawo." Ta matsa baya.

Haka ta yi ta matsawa har bakin ƙofa, ba ta ganin komai sai ƙeyar mutane. Aka saki kiɗa, ta ji muryar yayanta, idonta ya cika da ƙwalla.

Yaron nan ya waiwayo, ya ɗaga murya, "Kowa ya sunkuya! Yayanta ne!"

Kawuna suka sunkuya gaba ɗaya. Ga yayanta nan yana murmushi, sai ka ce ita kaɗai yake kallo.