Malami na Biyar

Ranar da ta fara ganinsa, zaune take dirshan a ƙasan ofishin malamai na jami'a, takardun jarrabawa ɗari huɗu sun zagaye ta, jan bironta kuwa ya ƙare tun a ta sittin. Ya shigo, dogo siriri, sabon malamin da aka ɗauka.

"Duk naki ne?"

"To na wa? Ko ka ga aljanu suna taya ni?"

Ya durƙusa, ya zaro biro daga aljihu. "Raba biyu."

Shi ke nan fa. Ya sa mata suna Jan Biro, ita kuma take ce masa Dogo.

Sashen nasu abin tausayi ne. Ɗalibai dubu da ɗari biyu, malamai biyar kacal: dattijai uku masu jiran ritaya, sai ita da Dogo. In ta shiga aji, wasu a tsaye, wasu ta taga suke leƙe, ko sunan goma ba ta sani ba. A cikin wannan wahala soyayya ta kama su. Wata rana ya turo mata saƙo:

"Jan Birona, na ajiye miki ruwa a tebur. Tun daga ajina na ji muryarki ta dishe. Ki ji tausayina ki huta."

Sai dai jami'ar tana da doka, miji da mata ba sa koyarwa a sashe ɗaya. Ga masu tantance jami'o'i suna tafe, kuma duk sashen da malamansa suka gaza biyar, za a hana shi ɗaukar ɗalibai.

Mahaifinta shi ya kafa sashen. Shekara talatin yana duba takardu har idonsa ya mutu, ya yi ritaya. Da ta kai masa maganar auren, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Biyar ne ku! In ɗaya ya fita saura nawa? Ga Dakta nan da ke zuwa muku daga wata jami'a, yana sonki, doka ba ta shafe shi ba."

"Baba, ba na sonsa."

"To ki jira a ƙaro malamai."

Shekara bakwai ke nan ana jiran a ƙaro su. Dogo kaɗai aka samu.

Bayan sati biyu ta ga takardar ajiye aikin Dogo a teburin sakatariya. Ta rubuta masa: "Ashe guduwa za ka yi? Ka bar ni da ajinka da nawa? Na gode, Allah ya kiyaye hanya."

Ya kira har ya gaji, ta ƙi ɗauka. A rana ta uku, tana tsakiyar darasi na huɗu, allon ya juya mata, ta yanke jiki ta faɗi.

A asibiti ta farka. Baba yana gefen gado, Dogo yana tsaye bakin ƙofa, idanunsa sun yi ja.

"Ba guduwa na yi ba," ya ce. "Dole ɗaya ya fita. Ba zan bari ki bar abin da Baba ya gina ba."

"Ka kashe mini sashe, yaro," in ji Baba.

"Baba, ku gafarce ni. Muna biyar ɗin ma ga inda ta kwanta."

Tsohon ya lalubo hannunta, sai ya ci karo da ƙunshin takardu a kan gadon. Ita ta sa aka kawo mata, wai kada sakamako ya makara. Ya shafa kaurinsu. Hawaye suka gangaro masa.

"Ni ido na bayar," ya ce. "Ba zan ba da 'ya ba. Ka turo manyanka."

Ana saura kwana huɗu biki takarda ta iso: an dakatar da ɗaukar ɗalibai a sashen. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Ranar ɗaurin aure ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku abin da ya fi wanda kuka rasa."

Kwana uku da tarewa, da hantsi, ta baje takardu a tsakar ɗaki. Yanzu ɗari bakwai ne, har da na ajin da ya bari. Dogo ya durƙusa ya zaro biro.

"Raba biyu."

Ta riƙe hannunsa. "Doka ta hana, Dogona. Kai ba malaminmu ba ne yanzu."

Ya daɗe yana kallon biron. Sannan ya sa mata shi a hannu, ya zauna kusa da ita, ya jawo tarin gabansa.

"To duba, amarya. Ni zan riƙa miƙo miki."