Kyanwar Auta da Akwatin Intanet

Wata yarinya ce, auta a gidansu. Tana zaune da Mamarta da Yayarta. Babansu ya rasu tun tana ƙarama.

Wata rana tana dawowa daga makaranta ta tsinci 'yar kyanwa a bakin kwata, ruwa ya jiƙe ta, tana rawar sanyi. Auta ta san halin Mama. Ba ta son dabba a cikin gida ko kaɗan. Sai ta ɓoye kyanwar a jaka, ta wuce ɗakin ajiya.

A can kan kantar ɗakin akwai akwatin intanet, wanda ake ce wa rauta. Auta ta taɓa shi, ta ji ɗumi.

"Yauwa, ga gadonki," ta ce.

Ta ninke tsohon bargo, ta lulluɓe akwatin, ta ɗora kyanwar a kai. Da safe kuwa, kafin Mama ta shigo shara, sai ta kwashe bargon, ta kai kyanwar bayan gida cikin kwali. Haka take yi kullum.

Tun daga nan intanet ya fara wasa da su. Ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa.

Hankalin Yaya ya tashi. Makarantar koyon jinya za ta yi mata tambayoyi ta bidiyo ranar Asabar da yamma. In kiran ya yanke, wata za a ba gurbin.

Mama ta kira mai gyara. Ya zo da hantsi, ya duba wayoyi, ya kashe akwatin ya kunna.

"Hajiya, lafiyarsa lau," ya ce.

"Lafiya lau? To ni ce ba ni da lafiya ke nan?"

Ya yi dariya. Ya ce wani lokaci laifin DNS ne, abin da ke nuna wa waya hanyar shafin da take nema. Ya canza shi, ya tafi.

Da yamma abu ya sake ɗaukewa. Mai gyara ya dawo washegari, ya ce sai dai a sayi sabon akwati.

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Malam, ni ba na sayen sabo sai na ga gawar tsoho. Nuna min inda ya mutu."

"Ai a gabana ba ya mutuwa, Hajiya."

"To ka ga ba ciniki."

Ranar ba makaranta, Auta tana gida. Ta bi shi har bakin ƙofa.

"Kawu, yaya ake kama ciwon da ke zuwa yana tafiya?"

"Da lura, 'yata. Ki duba yaushe yake zuwa. Ki kuma tambayi kanki, me ya canza a gidan?"

Auta ta ɗaura niyya sai ta gano. Ta tambayi Yaya, ta tambayi Mama. Da safe ba ya ɗaukewa. Da rana ma haka. Sai bayan ta dawo daga makaranta.

Lokacin ne kuwa take lulluɓe akwatin da bargo.

Ta shiga ɗakin ajiya. Kyanwa tana barcinta. Auta ta tura hannu ƙarƙashin bargon, ta janye da sauri. Akwatin ya yi zafi kamar dutsen guga! Bargon ya toshe duk ƙananan ramukan da iska ke shiga. Fitilarsa ta koma ja.

Ta ɗauke bargon, ta zauna tana jira. Da akwatin ya huce, fitila ta koma kore. Daga falo Yaya ta yi ihu, "Ya dawo!"

Auta ta dubi kyanwar. Tana iya yin shiru, ta daina lulluɓe akwatin kawai. Amma ta ji Mama tana cewa gobe za ta je ta yi wa mai gyara tas a shagonsa, gaban mutane. Shi kuwa bai yi komai ba.

Ta rungumi kyanwar, ta fito.

"Mama, ni ce. Ba Kawu ba ne."

Mama ta dubi kyanwa, ta dubi Auta. "Wannan kuma wace baƙuwa ce?"

Auta ta faɗi komai.

"Lallai!" in ji Yaya. "Ni ina nan ina kuka, ashe gimbiya ce ke shan ɗumi."

Mama ba ta yi dariya ba. "Kin ɓoye min abu a gidana. Kin sa na ɗaga wa bawan Allah murya. Gobe da ƙafarki za ki je ki ba shi haƙuri."

"Zan je, Mama. Kyanwar fa?"

"Waje."

"Mama, za ta kama ɓerayen da ke cin buhunanki."

"Wannan? Ɓera ne zai kama ta."

"Za ta girma. Ni zan riƙa share inda ta ɓata. Ni zan ba ta abinci."

"Da wanke-wanken yamma?"

Auta ta ce, "Da shi."

"Kuma ba ita ba ɗakin ajiya."

"Na yarda."

Mama ta juya kai don kada a ga murmushinta. "Ciniki ya faɗa."

Ranar Asabar Auta ta goge akwatin, ta buɗe tagar ɗakin, ta zauna a bakin ƙofa tana gadi, kyanwa a cinyarta. Fitila ta tsaya kore har Yaya ta gama. Kiran bai yanke ba ko sau ɗaya. Ba a daɗe ba saƙo ya zo, an ɗauki Yaya.

Da mai gyara ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, da na sayar miki da sabo, shi ma bargon za a rufa masa!"

"Ai shi ya sa ban saya ba," in ji Mama.

Tun daga ranar Auta ba ta sake ɓoye wa Mama komai ba. Ta gane cewa abin da ka ɓoye yakan cuci wanda bai ji ba bai gani ba. In ka yi kuskure, ka bincika, ka faɗi gaskiya, ka gyara.