Mazari a Cikin Ruwan Zafi

Ranar da ta fara shiga ɗakin binciken, rungume take da wani tsohon fulas kamar mai jego da jariri, takalmanta duk taɓo. Shi kuwa yana goge teburi, karo na uku ke nan a safiyar.

"Sannu da zuwa. Ashe har da shayi kika zo mana?" Ya karɓa zai buɗe.

"Kai, malam! Kada ka taɓa!"

Ina! Ya riga ya murɗe. Wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya daki hancinsa, ya ja da baya yana tari. Ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba.

Da ta nutsu ta yi masa bayani. Ruwan wata maɓuɓɓuga ne a gindin dutse, kullum cikin tururi yake, ga tsami kamar ruwan batir. A ciki akwai wasu ƙananan halittu da ake kira arkiya, ido ba ya ganinsu, can suke rayuwarsu hankali kwance.

"Amma ba su nake nema ba," in ji ta. "Bairas ɗin da ke kama su nake nema. An ce siffarsa kamar mazarin kaɗi, tsakiya da kauri, kai da gindi a tsuke. In ban gan shi ba, babu digirina."

"Ikon Allah! Wato a cikin wannan azabar ma akwai masu jinya."

Shi ne ma'aikacin da ke kula da babbar na'urar da ake ganin irin waɗannan abubuwa. Mutum ne mai tsari har abin ya yi yawa. Ko alƙalami ya motsa sai ya rubuta a littafin aiki, da lokaci da komai. Kafin mako ya zagayo ta sa masa Malam Tsafta, shi kuma ya rama da 'Yar Fulas.

Duk ranar Laraba sai ta kawo masa ɗigon ruwa, su zauna gaban allon na'ura kafaɗa kusa da kafaɗa. Duk ranar Laraba kuma babu mazari. Sai dai wani abin daban yana ta girma a ɗakin, kowa ya gani, har da su.

Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta:

"'Yar Fulas, na duba littafin aiki, Laraba ashirin da shida muka yi tare. Ina so a mayar da su kullum. Ki ba ni izini in je wajen Abba."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta:

"Malam Tsafta, ka je. Amma ka goge takalminka sau ɗaya kawai, kada ka makara."

Abba, mahaifinta, tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekara talatin yana riƙe da jan biro. Ranar da Malam Tsafta ya je, Abba bai ɗaga murya ba, kuma bai yi murmushi ba.

"Yaro, ban ƙi ka don komai ba. Amma yarinyar nan shekara biyu tana bin ruwan zafi, makaranta ta ce wata uku ya rage mata. In ba ta kawo sakamako ba, za a sallame ta. Tun da ta san ka, hirarka kawai nake ji a gidan nan. Ta gama tukuna. In ba ta gama ba, na san wanda ya ja."

Ashe akwai mai zuga. Wani babban ɗalibi ne a sashen, ɗan abokin Abba, wanda ake kira Dakta-Gobe saboda tun bai gama ba yake sa hannu da laƙabin. Ya daɗe yana kai gaisuwa gidan, yana kuma kai labarai.

Kwalabenta goma sha biyu na arkiya, suna cikin wani akwati da ke riƙe zafi maki tamanin. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, saura ɗaya tak, kuma damina ta riga ta datse hanyar maɓuɓɓugar. Ran wata Litinin da la'asar ta juye wannan ɗayar a faranti marar murfi, cikin akwatin gilashin da ake aiki mai tsafta, za ta raba ta kashi-kashi. Sai ga kiran Abba. Ta fita baranda da waya a kunne, ko takardar gargaɗi ba ta manna ba.

Ƙarfe huɗu daidai Malam Tsafta ya zo, kamar kullum. Ya ja gilashi ya rufe, ya kunna shuɗiyar fitilar nan da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya tafi wanke hannu. Yana juyowa ya hango farantin a bayan tulin kwalabe.

"Innalillahi!"

Ya kashe fitilar da gudu. Ta shigo ta same shi tsaye, hannu yana ɗigar ruwa.

"Me ka yi?"

"Na kunna fitila a kan farantinki. Ban gan shi ba, wallahi ban gan shi ba."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta mayar da ruwan kwalba, ta saka a akwatin zafi, hawaye yana zuba.

"Shekara biyu, Malam Tsafta. Ka goge ta kamar yadda kake goge teburi."

Wata abokiyar aikinsa ta ja shi gefe ta ce kada ya rubuta, a ce wuta ce ta yi wasa. Ya girgiza kai, ya buɗe littafi ya rubuta. Kafin magariba Dakta-Gobe ya kai labari gida, har da ƙarin gishiri. Abba ya ce magana ta ƙare.

Saƙo uku Malam Tsafta ya tura mata, ba amsa. Na huɗun gajere ne:

"Ban ce ki yafe mini ba. Ɗigo ɗaya kawai nake roƙo gobe da safe. In sun mutu, gara mu gani da idonmu."

Da safe ta zo, idanu a kumbure. Ta ajiye masa ɗigon ba tare da gaisuwa ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana shirya shi, ya saka a na'ura, ya dinga murɗa maɓalli. Can sai hannunsa ya tsaya.

"'Yar Fulas."

"Kada ka kira ni haka."

"To, ranki ya daɗe, zo ki gani."

Ta matso. Allon cike yake dam. Ga su nan birjik, ɗaruruwa, tsakiya da kauri, kai da gindi a tsuke, wasu sun haɗa gindi wuri ɗaya kamar fure. Ta ja kujera ta zauna.

"Alhamdulillah! Wayyo, ashe suna nan! Tun farko suna nan!"

Tana kuka tana dariya tana bayani. Bairas ɗin ɓoyewa yake yi a cikin arkiya, ya yi luf kamar babu shi. In hasken nan ya taɓa su kaɗan, sai ya farka ya fito. Ta taɓa karantawa, amma wa zai yi kasada da kwalba ɗaya? Sai kuma ta juyo gare shi.

"Malamina zai ce in maimaita. Kuma in hasken ya yi yawa, kashe su yake yi. Wa ya san tsawon lokacin da..."

Ya tura mata littafin. Ga shi da rubutunsa mai kyau: "Litinin. Kunna fitila 4:00. Kashewa 4:02. Faranti a buɗe, taƙi biyu daga fitila. Kuskurena ne, ban duba ba."

Ta dube shi, ta dubi littafin.

"Ka yafe mini, Tsaftana. Ni ce ban manna takarda ba."

Arkiyan da suka tsira suka sake yaɗuwa. Sau uku suka maimaita, sau uku mazarai suka fito. Ta kai wa Abba hoton da kanta, ta haɗa da kwafin shafin nan. Kaka, wato kakarta, ce ta fara fizgar hoton, ta kai shi kusa da ido.

"Yau ga abin mamaki! Wannan ai mazarina ne. Shi kika yi shekara biyu kina nema? Da kin tambaye ni, yana cikin kwando."

Abba kuwa shafin yake karantawa. Ya gyara tabarau, ya sake karantawa.

"An ce mini ɓoyewa ya so yi."

"Da ya ɓoye, Abba, da yau ba ni da digiri."

Ya ɗago kai ya ce, "Shekara talatin ina koyarwa, ban cika ganin wanda ya rubuta laifinsa tun ba a tambaye shi ba. Ki ce ya turo magabatansa." Ya zaro jan bironsa daga aljihu, ya yi wa shafin maki.

Wata ɗaya bayan ta kare kundinta aka ɗaura aure. Dakta-Gobe ma ya zo, ya zauna can baya. Kaka ta ba amarya mazarinta, ta ce wa ango in ya gaji da mai warin ƙwai, ita tana nan. Abba ya ɗora hannu a kan 'yarsa ya daɗe yana addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su riƙa faɗa wa juna gaskiya ko da ta yi ɗaci. Jama'a suka amsa da amin.

Washegari da hantsi ta fito daga kicin rungume da sabon fulas. Ango ya ja kujera baya, ya toshe hanci.

"Amarya, in buɗe ko kada in buɗe?"

"Buɗe, Tsaftana," in ji ta tana dariya. "Wannan karon shayi ne."