Lungun Meyo

"Ba zan ba ka ita ba, Tankari. Ba yau ba, ba gobe ba!"

Yaya Abass ya faɗi haka bai ko ɗago daga dilar takalman da yake ɗaurewa ba. Ƙanwarsa Hamdia tana bayan labule riƙe da ludayi, tana jin komai.

"Alhaji, me na rasa?" in ji Tankari.

"Takarda! Bizarka ta mutu tun bara. Ɗan dako kake son in ba wa ƙanwata?"

A shekarar 1998 ne, a wani siririn lungu na Sanyuanli cikin Guangzhou. Lungun yana da sunansa na Chaina, amma babu baƙin mutum da ya iya faɗarsa. Layin Tuwo ake ce masa, saboda tuwon zafi da wake da shinkafar da Hamdia ke dafawa. Abass ne ya kawo ta daga zangon Kumasi. Duk ɗan kasuwar da ya zo cin abinci, a hannun Abass yake barin kayansa a aika masa gida.

Tankari, ɗan Maraɗi, ya tsaya a bakin tagar kicin kafin ya wuce.

"Kada ki yi kuka, hasken idona... Ran Juma'a zan dawo da liman. Ba zai ƙi liman ba."

"Ina jin tsoro, Tankari."

"Ni dai ki ajiye min ƙanzo," ya ce yana dariya.

Juma'a ta zo, Tankari bai zo ba.

Hamdia ta yafa mayafi ta shiga lungu ƙofa-ƙofa.

"Don Allah kun ga Tankari?"

"Meyo," in ji na farko, yana kallon gefe.

Meyo ita ce "babu" a bakin 'yan Chaina. Na biyu ma haka ya ce. Mutanen da ke cin tuwonta kullum, Kanawa da 'yan Gana da 'yan Nijar, babu wanda ya amsa mata da Hausa. Ƙarya ta fi sauƙin fita da yaren wasu.

Ta yi wata da watanni tana tambaya, har abin ya zama abin dariya. Da ta fito, samari sai su haɗa baki, "Meyo! Meyo!" kafin ma ta buɗe nata. A haka Layin Tuwo ya koma Lungun Meyo.

Wata tsohuwa 'yar Chaina mai sayar da maɓallai ce ta gaji da ganin hawayenta. Ta jawo ta cikin shago, ta haɗa wuyan hannayenta biyu kamar an sa ankwa. Sannan ta kara hannu a kunne kamar mai buga waya, ta nuna ƙofar Abass.

Hamdia ta same shi yana cin tuwon da ta tuƙa.

"Yaya... kai ka kira masa 'yan sanda?"

Ya suɗe yatsunsa. "Ni ne."

"Yaya!"

"Rufe min baki! In kin bi shi, wa zai dafa? In babu tuwo wa zai kawo min kaya? Maganin uwarmu Mma a Kumasi, Tankari ne zai saya?"

"Ai da ka kore shi kawai..."

"Na kore shi, bai koru ba."

"To ba ni fasfona in tafi."

"Ki tafi. In Mma ta kwanta babu magani, ke za ki yi mata bayani."

Ta durƙushe a wurin tana kuka. Shi kuwa ya miƙo kwano a ƙara masa miya.

Sai bayan Babbar Sallah wani ɗan kasuwa mai suna Ma'azu ya iso daga Maraɗi. Tana zuba masa abinci ta tambaye shi labarin Tankari.

Ma'azu ya ture kwanon.

"Ke ce Hamdia? Ai ba zan ci abincinki ba. Tankari ya daɗe a tsare kafin su jefa shi jirgi, har yanzu tari bai sake shi ba. Yayanki ya je ya same shi a can inda yake tsare, ya ce ke kika nuna ɗakinsa don kin gaji da nacinsa."

"Wallahi ƙarya ne! Ka faɗa masa... don Allah ka faɗa masa!"

"In faɗa masa me? Ya yi aure, matarsa Zeinabou na da ciki. Ya ma hana a ambaci sunanki a gidansa."

Hamdia ba ta sake tambayar kowa komai ba. Ta koma kicin ta ɗora ruwan tuwon rana.

Daga falo tana jin Abass a waya da wani sabon baƙo da ya sauka a titin Liuhua Lu, muryarsa cike da fara'a.

"Kada ka damu, ɗan'uwa. Kana isowa Sanyuanli ka tambayi duk baƙin da ka gani, ka ce Lungun Meyo. Kowa ya sani! Sunan? Ai labari ne mai ban dariya, in ka zo zan ba ka."

Ya ajiye waya ya ɗaga murya.

"Hamdia! Ƙara gari, muna da baƙo."

Ta share ido da gefen zani, ta ƙara.